Yaushe ne ya dace gasar lig ta ƙara yawan ƙungiyoyinta?

Nasiru:

Assalamu alaikum. Akwai tambayar da ta daɗe tana yi mini yawo a rai, kuma ina son waɗanda suka fi ni sanin yadda ake tafiyar da harkar ƙwallon ƙafa su taimaka mini da fahimtarsu. A shekarar 2025 gasar MLS ta Amurka da Kanada ta karɓi ƙungiyarta ta 30, wato San Diego FC, bayan masu ƙungiyar sun biya kuɗin shiga da aka ruwaito cewa ya kai dala miliyan 500. Shekara biyu kafin nan, gasar Faransa ta bi akasin wannan hanya, inda ta rage ƙungiyoyinta daga 20 zuwa 18. Ga gasa biyu na ƙwararru a zamani ɗaya, ɗaya tana faɗaɗa ɗaya tana tsukewa, kuma kowacce tana ganin abin da ta yi shi ne gyara.

Abin da nake son sani shi ne ma'aunin da ya kamata a yi amfani da shi. Shin samuwar attajirin da ya shirya biyan kuɗi ta isa hujja? Ko kuwa yawan 'yan wasa masu inganci ake dubawa, ko manyan biranen da ba su da ƙungiya? Idan kuma an yarda cewa ƙarin yana da amfani, ta yaya masu gasa za su gane cewa lokacin ya yi? A zuciyata ina son ganin ƙungiyoyi da yawa, domin kowace sabuwar ƙungiya tana nufin wani birni ya samu abin da zai riƙa kallo, wasu matasa kuma sun samu inda za su taka leda a biya su albashi. Amma ina jin tsoron kada son zuciya ya rufe mini ido daga abin da lissafi yake nunawa.

Malam Habibu:

Wa alaikumus salam, Malam Nasiru. Kafin a amsa tambayarka sai an raba gasa gida biyu, domin kalmar ƙari ba ta nufin abu ɗaya a cikinsu. A gasar da ake hawa da faɗuwa, kamar ta Ingila ko ta Faransa, ƙungiyoyin suna nan tun da can a rukuni na biyu, ƙari kuwa yana nufin a buɗe ƙarin gurbi a sama. A rufaffiyar gasa irin MLS, inda babu mai faɗuwa, ƙari yana nufin a sayar wa wani gurbi na dindindin, kuma sau da yawa a kafa ƙungiya daga tushe. Zan tsaya a kan ta biyun, domin a nan ne kuɗin shiga yake ruɗar mutane.

Kuɗin shiga ba riba ba ce kamar yadda ake ɗauka. Sau ɗaya ake biyansa, amma wanda ya biya zai riƙa karɓar kasonsa daga kuɗin haska wasanni a talabijin da na masu ɗaukar nauyin gasar a kowace shekara, har iya tsawon rayuwar gasar. Ashe ke nan tsofaffin ƙungiyoyi sun sayar da wani yanki na kuɗin gobe ne, suka karɓi farashinsa a yau. Lissafin ba mai wahala ba ne: idan ƙungiyoyi 20 suna raba kuɗi daidai wa daida, aka mayar da su 22, to sai jimillar kuɗin ta ƙaru da kashi 10 cikin ɗari kafin kowace tsohuwar ƙungiya ta riƙa samun abin da take samu a da. Idan sababbin ba su jawo wannan ƙarin ba, ta hanyar sababbin masu kallo da sababbin kamfanonin talla, an talauta kowa ne a hankali, kuma ba za a ji zafin ba sai bayan kuɗin shigar ya ƙare.

Amurka ta taɓa ganin ƙarshen wannan hanya da idonta. Tsohuwar gasarta ta NASL ta yi farin jini bayan Pelé ya koma New York Cosmos a 1975, har jama'a suka riƙa cika filin wasan ƙungiyar. Ganin haka, a 1978 aka ɗaga yawan ƙungiyoyi daga 18 zuwa 24 a tashi ɗaya. Da yawa daga cikin sababbin masu ƙungiyoyin ba su san harkar ba, suna hayar manyan filayen da aka gina domin wasu wasanni, suna kuma ƙoƙarin yin gogayya da Cosmos wajen sayen taurari alhali ba su da kuɗinta. A 1982 ƙungiyoyi 14 suka rage, a 1984 suka koma 9, kuma daga wannan kakar gasar ba ta sake tashi ba. Farin jinin ƙungiya ɗaya aka ɗauka a matsayin lafiyar gasa baki ɗaya.

MLS ma ta kusa faɗawa ramin. Ta fara a 1996 da ƙungiyoyi 10, ta ƙara Chicago Fire da Miami Fusion a 1998, sannan a farkon 2002 ta rufe Miami Fusion da Tampa Bay Mutiny saboda asara, ta koma 10. Ba ta sake ƙara kowa ba sai 2005, kuma a tsakanin nan abin da ta mayar da hankali a kai shi ne ƙungiyoyi su mallaki filayen da aka gina domin ƙwallon ƙafa, irin wanda Columbus Crew ta buɗe a 1999. Dalilin a fili yake: ƙungiyar da take haya tana biyan kuɗi a duk ranar wasa, kuma yawancin cinikin da ake yi a filin na mai filin ne. Toronto FC ta shiga a 2007 da dala miliyan 10 kacal, ta kuma shiga ne da sabon filinta. Daga miliyan 10 zuwa miliyan 500 akwai shekara 18 na gine-gine a tsakani.

Saboda haka ni ma'aunina na farko ba ya kan mai neman shiga, yana kan waɗanda suke ciki. A dubi ƙungiyoyi uku ko huɗu mafi rauni a gasar: suna biyan albashi a kan lokaci? Suna iya kai 'yan wasansu wasan waje ba tare da roƙo ba? Idan amsar a'a ce, gasar ba ta da hurumin ƙara kowa, komai yawan kuɗin da aka ajiye mata a gaba.

Malama Rukayya:

Bayanin Malam Habibu ya gamsar da ni game da rufaffiyar gasa. Ina so in ƙara abin da yake faruwa a gasar da ake hawa da faɗuwa, domin a can ba kasafai lissafin kuɗi yake haifar da ƙari ba. Mafi yawan lokaci rigima ce ko siyasar hukumar ƙwallo take haifar da shi, kuma wannan ne ya fi damuna.

A watan Agustan 1995 hukumar gasar Sifaniya ta jefa Sevilla da Celta Vigo zuwa rukuni na uku saboda ba su gabatar da takardun lamunin kuɗi a kan lokaci ba, ta kuma mayar da Albacete da Valladolid, waɗanda suka riga suka faɗi, zuwa gurabensu. Magoya bayan Sevilla da Celta suka fito kan tituna. Da aka rasa yadda za a yi, sai aka bar duka huɗun, gasar ta zama ta ƙungiyoyi 22, kowace ƙungiya tana buga wasa 42. Kaka biyu aka yi a haka kafin a koma 20 a 1997. Ba wanda ya zauna ya auna ko Sifaniya tana buƙatar ƙungiyoyi 22. An dai nemi hanyar da ba za ta ɓata wa kowa rai ba.

Na Ajantina ya fi wannan girma. A 2015 aka ɗaga ƙungiyoyin rukuni na ɗaya daga 20 zuwa 30, bisa tsarin da aka amince da shi a zamanin Julio Grondona, shugaban hukumar ƙwallon ƙasar, wanda ya rasu a 2014 kafin a fara aiwatarwa. Ƙungiyoyi goma suka hau a lokaci guda. Da yake babu kalandar da za ta ɗauki wasa 58 na gida da waje, sai kowace ƙungiya ta riƙa haɗuwa da kowacce sau ɗaya, a ƙara wasa ɗaya da babbar abokiyar hamayya. Wannan ya taɓa adalcin gasar, tunda wata ƙungiya za ta karɓi baƙuncin masu ƙarfi a gida, wata kuma ta je musu. An yi ta ragewa a hankali har aka sauko 24 a kakar 2019 zuwa 2020, sai aka dakatar da faɗuwa, adadin ya sake hawa, kuma a 2025 ya koma 30.

Abin da ya sa ragewa take wahala shi ne, a yawancin gasa ƙungiyoyin ne da kansu suke kaɗa ƙuri'a, kuma babu ƙaramar ƙungiyar da za ta zaɓi a rage gurbin da take fakewa a ciki. A Ingila duk wani babban sauyi yana buƙatar amincewar ƙungiyoyi 14 cikin 20, shi ya sa shawarar da Liverpool da Manchester United suka goyi baya a 2020, wadda ta haɗa da komawa 18, ba ta je ko'ina ba. A Italiya ma an kaɗa ƙuri'a a 2024, ƙungiyoyi 16 suka zaɓi a ci gaba da 20, Juventus da Inter da Milan da Roma ne kawai suka so ragewa. Faransa ta yi nasarar ragewa ne bayan yarjejeniyar talabijin da kamfanin Mediapro ta rushe a 2020 ta bar ƙungiyoyi cikin ƙuncin kuɗi, kuma sai da ƙungiyoyi huɗu suka faɗi a kaka ɗaya. A Afirka ta Kudu kuwa, da aka so a sauko daga 18 zuwa 16 a 2002, sai da gasar ta sayi guraben Ria Stars da Free State Stars da kuɗi.

Sannan akwai jikin ɗan wasa, wanda ba kasafai ake sa shi a lissafi ba. Gasa mai ƙungiyoyi 18 tana da wasa 306, kowace ƙungiya 34; mai 20 tana da 380, kowace ƙungiya 38. Makonni huɗun nan ba daga sama suke faɗowa ba, musamman yanzu da gasar Zakarun Turai ta koma wasa takwas a zagayen farko tun 2024.

Misali ɗaya na ƙari da nake ganin an yi shi da tsari shi ne na Jamus. Bayan haɗewar ƙasar, Bundesliga ta zama ta ƙungiyoyi 20 a kakar 1991 zuwa 1992 domin a shigar da Hansa Rostock da Dynamo Dresden daga gabas, kuma tun kafin a fara an san cewa za a koma 18 a kaka mai zuwa. Dalilin ƙarin a bayyane yake, hanyar komawa ma an shata ta tun farko.

Usman:

Ina girmama abin da Malam Habibu da Malama Rukayya suka kawo, amma ina ganin idan aka bi ma'auninsu sau da ƙafa, babu gasar da za ta taɓa girma. A kowace gasa a duniya akwai ƙungiyoyin da suke fama. Idan sai ranar da kowa ya warke za a buɗe ƙofa, ranar ba za ta zo ba, kuma wani lokaci sabuwar ƙungiyar ce take kawo lafiyar da ake jira.

A dubi Ostireliya. Gasarta ta fara a 2005 da ƙungiyoyi takwas. A 2009 aka ƙara Gold Coast United da North Queensland Fury, kuma duka biyun sun mutu cikin shekara uku. Har akwai lokacin da mai Gold Coast ya taƙaita yawan 'yan kallo zuwa 5,000 domin rage kuɗin da yake kashewa a filin wasa. Wanda ya tsaya a nan zai ce ƙari kuskure ne. Amma a 2012, a daidai lokacin da gasar take cikin wannan rauni, aka kafa Western Sydney Wanderers a yammacin Sydney, yankin da yake cike da ƙananan ƙungiyoyi da iyalan da suka gaji son ƙwallo. A kakarta ta farko ta ƙare a saman teburi, a 2014 ta ci kofin Zakarun Asiya bayan ta doke Al-Hilal, kuma wasanta da Sydney FC ya zama wanda ya fi kowane jan jama'a a gasar. Lokacin bai bambanta sosai ba, wurin ne ya bambanta. An kai ƙungiyoyi biyu inda ake fatan masu kallo za su samu, an kai ɗaya inda masu kallo suke zaune suna jira.

Haka Seattle a 2009 da Atlanta a 2017 suka yi wa MLS. Atlanta United ta riƙa tara sama da mutum 70,000 a wasu wasanninta, abin da ya sauya yadda kamfanonin talabijin suke kallon gasar gaba ɗaya. Irin wannan ƙungiya ba rage wa kowa kaso take yi ba, ƙara wa kowa take yi.

Batun cewa ƙari yana rage ingancin wasa ma ina ganin ana zuzuta shi. Gaskiya ne cewa ƙungiyoyi biyu suna buƙatar 'yan wasa kusan 50, amma kasuwar 'yan wasa ta duniya ce, kuma a kowace ƙasa akwai matasan da suke zaune a benci saboda rashin gurbi, ba saboda rashin iyawa ba. Ƙarancin ƙungiyoyi shi ma yana da illarsa. A Skotlan ƙungiyoyi 12 ne, suna haɗuwa da juna sau uku kafin a raba teburi biyu, wasu su haɗu karo na huɗu, kuma magoya baya sun daɗe suna kukan maimaici. Suwizalan ta yi shekaru da ƙungiyoyi 10 masu haɗuwa sau huɗu a kaka, kafin ta ƙara zuwa 12 a 2023.

Nasiru:

Na gode muku ƙwarai. Malam Usman, maganarka ta wuri ta kama hankalina, sai dai tana da sauƙin faɗa bayan an ga sakamako. Waɗanda suka amince da Gold Coast ma ai sun yi imani cewa wurin ya dace. Shin akwai hanyar da gasa za ta gwada birni ko ƙungiya tun kafin ta ba ta gurbi, maimakon ta jira shekara uku ta ga ko za ta rayu?

Malam Habibu:

Akwai, Malam Nasiru, kuma ita ce rukuni na biyu. A nan ne nake ganin ni da Malam Usman ba mu yi nisa da juna ba. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin da suka karɓu a MLS ba daga takarda aka ƙirƙiro su ba: Seattle da Portland da Vancouver da Montreal da Orlando da Cincinnati duk sun buga a ƙaramar gasa kafin su shigo, kuma an ga yawan mutanen da suke sayen tikiti da kuɗinsu a lokacin da babu wani tauraro a fili. Cincinnati ta ƙare a ƙarshen teburi kaka uku a jere bayan shigarta a 2019, amma ba ta rushe ba, domin magoya bayanta sun riga gurbin zuwa, kuma a 2023 ita ce ta fi kowa maki. Chivas USA kuwa, wadda ta fara wasa a 2005 bisa zaton cewa magoya bayan wata ƙungiyar Meziko za su bi sunan kawai, an rufe ta a 2014. Na yarda cewa Atlanta da Western Sydney sun yi nasara ba tare da wannan gwajin ba, amma gasa ba za ta gina tsarinta a kan dace ba.

Japan ce ta fi kowa mayar da wannan darasi doka. Gasarta ta fara a 1993 da ƙungiyoyi 10, ta yi saurin kaiwa 18 a 1998, a daidai lokacin da yawan 'yan kallo yake raguwa. A wannan shekarar ɗaya daga cikin kamfanoni biyu da suke riƙe da Yokohama Flügels ya janye, aka haɗe ƙungiyar da maƙwabciyarta Marinos, kuma 'yan wasanta sun ci Kofin Sarki a ranar 1 ga Janairun 1999 suna sane da cewa wasansu na ƙarshe ke nan. Abin da hukumar gasar ta yi bayan nan shi ne ta rage rukuni na ɗaya zuwa 16, ta buɗe rukuni na biyu a 1999, sannan na uku a 2014. Duk garin da yake son ƙungiya sai ya fara daga ƙasa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta kuma ɗaura hawa da lasisi. Cin wasa kaɗai ba ya isa. Sai ƙungiya ta nuna fili mai ɗaukar adadin da aka gindaya, wanda ga rukuni na ɗaya ya kasance kujeru 15,000, da wurin atisaye, da tsarin horar da matasa, da littafin kuɗin da bashi bai rinjayi kadara a cikinsa ba. Machida Zelvia ta ƙare ta huɗu a rukuni na biyu a 2018 amma ba a bar ta ta nemi hawa ba saboda ba ta da lasisin rukuni na ɗaya. Ta koma ta gyara filinta da wurin atisayenta, ta hau a ƙarshen 2023, ta kuma ƙare ta uku a kakarta ta farko a sama. Sai a 2024 Japan ta tsayar da rukuni na ɗaya a kan ƙungiyoyi 20, lokacin da take da ƙungiyoyin ƙwararru 60 a rukuni uku, shekara 25 bayan buɗe rukuni na biyu.

Ga mai neman gurbi a rufaffiyar gasa, zan so a nemi irin waɗannan sharuɗɗan, a ƙara da kuɗin ajiya da zai iya biyan albashin kaka guda ko da mai ƙungiyar ya janye a tsakiyar hanya, domin 'yan wasa da ma'aikata ne suke fara shan wahala idan ƙungiya ta rushe. Kuma a riƙa ƙarawa biyu-biyu, domin adadin da bai rabu biyu ba yana tilasta wa ƙungiya ɗaya hutu a kowane mako, sannan a dakata kaka biyu ko uku a ga abin da ya faru da kason kowa kafin a saurari mai nema na gaba.